Tambaya da Amsa: Wane ne Ma'aikaci, Me Kuma Za a Cire a Albashinsa?

Wasiƙun wannan fitowa daga Sakkwato da kewayenta suke, kuma yawancinsu sun taso ne daga sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026.

Daga mai gidan burodi a Mabera: Assalamu alaikum. Mutum 19 ke aiki a ƙarƙashina. Masu kwaɓi da gashi 11 ne, duk Asabar ake sallamarsu. Kashiya da mai gadi na wata-wata ne, sai masu kai burodi a babur mutum 6 da ke cin kamasho. Wani ya ce in rubuta musu takarda cewa dukansu 'yan kwangila ne, wai da haka babu ruwana da haraji ko fansho. Hakan zai fisshe ni?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba zai fisshe ka ba. Jami'in haraji da alƙali ba sunan da ka raɗa wa mutum a takarda suke dubawa ba, yadda aikin ke gudana suke dubawa. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan tun 2008 a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak, inda ta jero abubuwan da ke raba ma'aikaci da ɗan kwangila: albashi ake ba shi ko kuɗin aikin da aka yi jinga? Kayan aikin na wa ne? Yana da ikon turo wani a madadinsa? Wa ke yanka masa lokacin zuwa da na tashi? A ina ake aikin?

Ka gwada da mai kwaɓinka. Yana shigowa bayan Isha'i ya tarar da buhunan fulawarka a jingine, ya kunna injinka, manajanka ya faɗa masa buhu nawa za a kwaɓa yau, in ya makara a yi masa faɗa, kuma ba ya iya zama a gida ya turo ƙanensa ba tare da izininka ba. Wannan ma'aikaci ne ko da duk yamma kake biyansa. Biyan mako ko na yini ba ya sauya komai. Kashiya da mai gadi kuwa babu ma abin tattaunawa.

Masu babur ne ke buƙatar a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda babur ɗin nasa ne, man nasa ne, yana sarin burodin a farashinka ya sayar a nasa, shi ke zaɓen ko Dange zai nufa ko Bodinga, har yana haɗawa da burodin wani gidan, to ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, harajinsa yana wuyansa. Wanda kuwa babur ɗinka yake hawa, kai ke zuba mai, kai ka ba shi layin da zai bi, kuma dole ya dawo ya yi lissafi da kashiya kowace rana, ma'aikacinka ne da ake biya da kamasho. Kamashon nan albashi ne a idon haraji, in ya kai matakin da ake cirewa sai a cire.

Ɗan kwangila na ainihi shi ne kamar mai walda da ka kira ya gyara ƙofar tanda, ko makanikin janareta: ya zo da kayan aikinsa, kuka yi jinga, ya gama ya tafi. Shi ba a yi masa lissafin PAYE, wato harajin da mai aiki ke cirewa a albashi. Wani haraji ne daban ake cirewa a kuɗinsa, kuma bisa ƙa'idojin 2024 kashi 2 cikin 100 ne a kan irin wannan aiki, kashi 5 a kan ƙwararru irin su lauya da akanta, ana kuma ninkawa idan mutum ba shi da lambar haraji. Wannan nauyi na kamfanoni da ƙungiyoyi ne, kuma an ɗauke wa ƙaramin kamfani cirewa idan cinikin bai wuce naira miliyan 2 a wata ba, mai aikin kuma yana da lambarsa.

Inda takardar bogi ke cizo shi ne ranar bincike. Jami'ai sukan nemi littafin biyan kuɗi da takardun banki, su ga sunaye iri ɗaya suna maimaituwa kowace Asabar shekara da shekaru. Sai a mayar da su ma'aikata, a lissafa abin da ya kamata ka cire, a ce kai za ka biya daga aljihunka, tunda waɗanda ya kamata a cire wa sun riga sun ci kuɗinsu, wasu ma sun bar aikin. Sabuwar doka ta ɗora tarar kashi 40 cikin 100 a kan abin da ba a cire ba. Abin takaici, yawancin masu kwaɓinka wataƙila ba su ma kai matakin haraji ba, ka ga ke nan da wuya dabarar ta tsirar maka da wani abin kirki.

Takardar da doka ke nema a wurinka daban ce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce cikin wata 3 da fara aiki ka ba ma'aikaci rubutaccen bayani: sunanka da nasa, irin aikin, ranar farawa, nawa ne ladan da yadda ake lissafa shi, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Shafi ɗaya ya isa, kuma babu laifi a yi shi da Hausa.

Daga mai makaranta a Arkilla: Malamaina 22. Akawunmu yana cire haraji da jadawalin da ya saba, malamai na ƙorafin cewa an ce yanzu an rage. Yaya ake lissafin?

Hajiya, da gaskiyar malamanki idan akawun yana kan tsohon jadawali mai farawa da kashi 7, 11, 15 har zuwa 24. Wancan ya tafi, tare da rangwamen naira 200,000 da kashi 20 na albashi da ake fara cirewa a da. Yanzu a kuɗin shekara, naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 kashi 21, miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. A makaranta irin taki matakai biyun farko ne aikin yau da kullum.

Kullum a shekara ake lissafi sannan a raba gida 12. A ɗauki shugaban malamai mai naira 250,000 a wata. A shekara miliyan 3 ke nan. A cire kashi 8 na fansho, in a kan dukan albashin ake lissafa shi, naira 240,000. Idan yana biyan hayar gida naira 400,000 a shekara, yana da rangwamen kashi 20 na hayar, wato 80,000. Saura 2,680,000. A ware 800,000 da ba a taɓawa, saura 1,880,000. Kashi 15 na wannan shi ne 282,000 a shekara, 23,500 a wata. Abin da zai shiga asusunsa: 250,000 a cire 20,000 na fansho da 23,500 na haraji, 206,500.

Malama mai naira 100,000 a wata, wadda ke zaune gidan mijinta ba ta biyan haya: 1,200,000 a shekara, a cire fansho 96,000, a ware 800,000, saura 304,000. Harajinta 45,600 a shekara, 3,800 a wata. Idan ba a yi mata fansho, harajin ya koma 5,000. Mai naira 70,000 ko ƙasa da haka ba a cire masa ko kwabo, duk da cewa 70,000 sau 12 ya ɗara 800,000, domin doka ta keɓe mai mafi ƙarancin albashi kai tsaye.

Rangwamen haya yana da iyaka, ba ya wuce naira 500,000 komai tsadar gidan, kuma sai wanda ke biyan hayar da gaske ya bayyana ta. Ki sa a ajiye kwafin rasit ko yarjejeniyar haya a fayil ɗin kowane malami. A Sakkwato mutane da yawa gidan gado suke zaune ko gidan da suka gina, waɗannan ba su da wannan rangwame, kada akawu ya ƙirƙiro musu rasit don tausayi. Sauran abubuwan da ake cirewa kafin lissafi su ne kuɗin asusun gidaje na ƙasa, na inshorar lafiya, na inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum ke zaune a ciki.

Wasu malamai kan ƙi ƙarin albashi wai kada a shiga da su kashi 18. Ba haka abin yake ba. Wanda kuɗinsa na haraji ya kai miliyan 3.6, naira 600,000 na sama kawai ake yi wa kashi 18, sauran suna nan a matakinsu. Ƙari ba ya taɓa rage abin da mutum ke kaiwa gida. Alawus kuma, na sufuri ne ko na shugabancin aji, da goron Sallah da ake bayarwa kuɗi saboda aiki, duk ana haɗa su da albashi. Raba albashi gida biyu, rabi ta banki rabi a ambulan, tsohuwar dabara ce da masu bincike suka sani.

Abin da aka cire ana kai shi Hukumar Tara Haraji ta Jihar Sakkwato kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce, tare da jerin sunaye, lambar harajin kowa da abin da aka cire masa. Lambar NIN ce yanzu lambar harajin mutum. Sannan zuwa 31 ga Janairu a miƙa bayanin shekarar da ta gabata gaba ɗaya. Rashin miƙa bayani tararsa naira 100,000 a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. A makarantu matsalar da ta fi yawa ita ce tsakiyar zango, lokacin da kuɗin makaranta ya ƙare: an cire haraji a takarda, amma kuɗin ya tafi sayen dizal da alli, da niyyar a cike in iyaye sun biya. Haka bashin ke taruwa, ga tarar kashi 10 a shekara da ruwa a kan ma'aunin Babban Banki. Ranar da aka biya albashi, a ranar a tura na hukuma. Kasancewar makaranta ta Islamiyya ce ko ta ƙungiyar agaji ba ya ɗauke wannan nauyi, domin harajin na malamin ne, makaranta mai karɓa ce kawai.

Daga manomin albasa a Goronyo: Lokacin dashe da cira nakan ɗauki mutum 40 zuwa 50. Dole ne in biya su naira 70,000?

A'a, Malam. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka gyara a Yulin 2024 aka ɗaga kuɗin daga 30,000 zuwa 70,000, ta keɓe aikin da ke bin yanayi kamar noma. Ta kuma keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ƙasa da sa'a 40 a mako, da waɗanda ake biya da kamasho ko da gwargwadon abin da suka yi, kamar a kan kowane fangali ko buhu. 'Yan ƙwadagonka sun shiga keɓewar ta fuskar noman yanayi, da kuma ta fuskar biyan gwargwadon aiki in haka kake biyansu.

Amma a kula da iyakar wannan. Injin gyaran shinkafa da ke aiki rani da damina da mutum 30 ba noman yanayi ba ne don kawai shinkafa yake sarrafawa, 70,000 ta hau kansa, kuma in aka kai ƙara zai biya cikon watannin baya. Sannan ladan da aka yi alkawari da kuɗi ake biyansa. Abinci da wurin kwana na iya zama ƙari, amma ba a tilasta wa mutum karɓar buhun albasa a madadin kuɗinsa don kasuwa ta faɗi.

Daga mai sayar da mai a wani gidan mai da ke hanyar Birnin Kebbi: Albashina 60,000. Watan jiya an ce an samu giɓi a famfona, aka cire 35,000, ga tarar makara 3,000. Da na nemi adibas kuma aka ce za a cire shi duka a wata ɗaya. Doka ta yarda?

Ba ta yarda ba, ta kowace fuska. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire tara a albashi, saboda haka 3,000 na makara ba shi da madogara. Asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ana iya cire wani abu daidai gwargwado a kanta, amma sai an fara samun rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, abin da da wuya ka ga an nema. Sannan duk abin da za a cire a wata ɗaya in an haɗa shi bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba, a wurinka naira 20,000. Adibas kuma, sashe na 4 ya ce kada ya wuce albashin wata ɗaya, a ba da aƙalla wata 3 na biya, kuma babu ruwa a kansa.

Kafin a kai ga doka, giɓin kansa yana buƙatar hujja. Ka riƙa rubuta lambar mitar famfo lokacin karɓar aiki da lokacin miƙawa, kai da wanda ya karɓe ka ku sa hannu, ka ɗauki hotonta da waya, ka kuma ajiye rasitan POS na kowane yini. Giɓi da yawa daga tura kuɗin da bai shiga ba yake fitowa, ko daga man da manaja ya ba wani bashi da baki. Ka rubuta wa mai gidan takarda cikin ladabi ka ajiye kwafi. In ba a saurare ka ba, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Sakkwato yana sasanta irin wannan, gaba da shi kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan, ita ce kuma tsarin mulki ya ba shari'ar aiki tun gyaran 2010.

Daga jami'ar tallace-tallace da ke zaune Runjin Sambo: Hedikwatar kamfaninmu tana Kano. Shekara uku ana cire min haraji da fansho, amma da na je neman takardar shaidar biyan haraji aka ce babu sunana. Saƙon fansho ma ya daina shigowa.

Malama, harajin albashi na jihar da ma'aikaci ke zaune ne, ba jihar da hedikwata take ba. Ke a Sakkwato kike, nan ya kamata kuɗinki ya zo. Sojoji da 'yan sanda ne nasu ke tafiya hukumar tarayya. Abu biyu ke iya faruwa: ko an haɗa ki da ma'aikatan Kano an biya can, ko ba a biya ko'ina ba. Ki tara takardun albashinki da bayanin banki na shekarun uku, tunda shekara uku baya takardar shaidar ke ɗauka, ki nemi kamfani a rubuce ya ba ki rasitan biya da jerin sunayen da aka miƙa. In Kano aka kai, gyaran na kamfani ne: ya biya Sakkwato ya nemi nasa a can. Abin da aka riga aka cire miki ba a sake neman sa a hannunki.

Na fansho ya fi gaggawa, domin kowane wata da bai shiga ba kina asarar ribar da zai haifa. Dokar fansho ta 2014 ta ba mai aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata, kuma asusunki take shiga. Ki karɓi cikakken bayanin asusu daga kamfanin fanshonki, ki ƙirga watannin da babu, ki kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, da kwafin takardun.

Daga mai kantin kayan gini a Babbar Kasuwa: Yarana 8. Fansho ya hau kaina? Wasu cikinsu ma sun ce ba sa so saboda riba ta ruwa.

Alhaji, dokar 2014 ta ambaci mai ma'aikata 15 zuwa sama a matsayin dole, ta kuma bar mai ƙasa da 3 da zaɓi. Tsakanin 3 da 14 ne ba ta fito fili ba, amma PenCom tana ɗaukar duk mai mutum 3 zuwa sama a matsayin wanda ya shiga. Shawararmu ka shiga, musamman in kana neman kwangilar gwamnati, inda ake tambayar takardar shaidar PenCom. Kai kashi 10, yaro kashi 8, a kan albashin asali da alawus na gida da na sufuri. In ka ɗauki nauyin duka kai kaɗai, kashi 20 ne mafi ƙaranci. Batun ruwa kuma yana da mafita: akwai Asusu na Shida, wanda ba a zuba kuɗinsa a harkar ruwa, sai irin su sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Yaro zai rubuta wa kamfanin fanshonsa ya nemi a mayar da shi can.

Akwai wasu kuɗaɗen da daga aljihunka suke fita, ba daga albashin yara ba. Kashi 1 na jimillar albashin wata yana zuwa NSITF, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010, shi ne ke ɗaukar yaron da rodi ko buhun siminti ya karya wa ƙafa, kuma laifi ne a cire shi a albashinsu. Wanda ya shiga tsarin fansho yana kuma yi wa ma'aikatansa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Kuɗin ITF, asusun horar da ma'aikata, bai shafe ka ba sai ka kai mutum 25, asusun gidaje na kashi 2.5 kuma ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu tun 2023. Saboda haka yaron da ka yanka wa 100,000, a kasafinka ka rubuta 111,000, ban da kuɗin inshora.

Daga mai shagon ɗinki a Tudun Wada: Ina son rabuwa da wani tela da ya shekara uku a wurina. Kwana nawa zan ba shi?

Mako biyu, a rubuce. Sashe na 11 ya tsara shi haka: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya ga mai shekara 5 zuwa sama. In kun yi yarjejeniyar da ta fi haka tsawo, ita za a bi. Kana iya biyansa kuɗin mako biyun ya tafi a ranar. Ka haɗa masa ladan kwanakin da ya yi a watan da duk kuɗin ɗinkin da bai karɓa ba, ka biya kafin wa'adin ya ƙare, ya sa hannu a takardar karɓa, ka kuma adana littafin albashinsa shekara 3 bayan tafiyarsa kamar yadda Dokar Ƙwadago ta nema, takardun haraji kuwa shekara 6.